Jirgin B-21 da abin da ya kamata mu faɗa wa yaranmu

Ƴan uwana malamai da iyayen yara, yau zancen jiragen yaƙi na kawo muku. Na san wani zai ce ina ruwan malamin firamare da jirgin da ake ƙerawa a Amurka, alhali ajinsa ko tebura ba su wadace shi ba. Amsata ita ce yaranmu sun riga mu shiga wannan zance. Suna ganin bidiyon jiragen a wayoyin yayyensu, suna zana su a bayan littattafan rubutu, suna gardama a lokacin hutun tara a kan wace ƙasa ta fi wata ƙarfi. Na kusa shekara 20 ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horar da malamai, kuma abin da na lura shi ne duk zancen da malami da uba suka yi shiru a kansa, waya ce ke zama malamar yaro a ciki. Shi ya sa na zauna na karanta abin da ya sawwaƙa a kan jirgin da aka fi yawan magana a kansa yanzu, na ga ya dace in raba shi da ku.

Sunan jirgin B-21 Raider. Kamfanin Northrop Grumman ne ya samu kwangilar ƙera shi a watan Oktoba na 2015. An fito da shi bainar jama'a ranar 2 ga Disamba 2022 a garin Palmdale na jihar Kalifoniya, ya kuma yi tashinsa na farko ranar 10 ga Nuwamba 2023. Rundunar sojin saman Amurka ta ce tana son aƙalla guda 100, domin su gaji jiragen B-1 da B-2 da suka fara tsufa. Laƙabin Raider kuwa an ɗauko shi ne daga matuƙan da suka tashi da jirage 16 daga kan wani jirgin ruwa a watan Afrilu na 1942, suka je suka jefa bama-bamai a Japan, a lokacin da Japanawa ke ganin nisa ya kare su. Sunan kansa ya faɗi nufin masu jirgin, wato kada wani ya sake dogara da nisa.

Wanda ya ga hotonsa zai lura ba shi da wutsiya irin ta jiragen da ke kai alhazai Makka. Fiffike ne zalla, shimfiɗaɗɗe kamar jemage ya buɗe hannuwa. Wannan siffa tana da dalili, kuma dalilin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Na'urar rada tana aiki ne kamar mutum ya yi kira a bakin rijiya, muryarsa ta dawo masa. Tana aika igiyoyi sama, idan suka bugi wani abu suka dawo, sai ta lissafa nisansa da saurinsa. To, maƙeran irin wannan jirgi suna neman hanyar da kiran zai tafi bai dawo ba. Ni madubi nake ɗauka in fita da yara tsakar makaranta. Idan na fuskantar da shi daidai, hasken rana ya koma idon yaro. Da na ɗan karkata shi, hasken ya wuce bango, yaron bai ga komai ba. Haka aka karkata kowane sashe na jikin jirgin, aka cire wutsiya da duk wani lungu da zai mayar da igiya inda ta fito, aka binne injuna cikin jiki, aka ajiye bama-bamai a ciki maimakon rataye su a waje, sannan aka shafe shi da wani irin fenti mai shanye igiyoyin. Jirgin ba ya ɓacewa kamar mai layar zana. Ana rage girman da yake nunawa ne a allon rada, ta yadda kafin a tabbatar da zuwansa ya riga ya iso.

Rashin wutsiya yana da tsadarsa. Jirgi irin wannan ba ya tsayuwa daidai a iska da kansa. Jack Northrop, wanda kamfanin ke ɗauke da sunansa, ya gwada wannan siffa tun shekarun 1940, amma aka ajiye ta. Sai da aka samu kwamfuta mai iya gyara tafiyar jirgi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya sannan aka dawo da ita a jirgin B-2, wanda ya fara tashi a 1989.

Abu na biyu shi ne nisan zango. Waɗannan jirage suna shan mai ne a sararin sama, daga wani jirgin tanki da ke miƙo musu bututu suna cikin tafiya. A watan Oktoba na 2001 wani B-2 ya yi awa 44 a sama a hanyarsa ta kai hari Afganistan, da matuƙa biyu kacal a ciki. A watan Yuni na 2025 guda bakwai suka tashi daga jihar Misuri suka je suka bugi wuraren nukiliyar Iran. Ranar da aka ƙaddamar da B-21, sakataren tsaron Amurka na lokacin, Lloyd Austin, ya nuna cewa jirgin ba zai bukaci a girke shi kusa da fagen daga ba, kuma aikinsa zai haɗa har da tattara bayanan sirri da tsara yadda faɗa ke gudana. Wannan magana ta biyu ita ta fi jan hankalina, domin ita ce bidiyon da yaranmu ke kallo ba sa faɗa.

A da, aikin a rabe yake. Akwai jirgin da ke zuwa ya leƙo ya ɗauko hoto, a kai hoton ofis a duba, sannan a tura wani jirgin ya jefa bam. Wannan tsari yana aiki idan abin da ake nema gini ne ko gada, tunda ba sa motsi. Amma a yaƙin Tekun Fasha na 1991, Iraƙi ta riƙa harba makamai masu linzami daga bayan manyan motoci, su harba su bar wurin cikin ɗan lokaci. Jiragen ƙawance sun yi ta sintiri suna nemansu, kuma bayan yaƙin da ƙyar aka iya tabbatar da cewa an lalata ko kaɗan daga cikin motocin. Yau Sin da Rasha suna da irin waɗannan makamai masu yawo a kan mota, sun kuma fi na Iraƙi nesa ba kusa ba. Hoton da aka ɗauka da hantsi ba shi da amfani da azahar.

Me zai hana a dogara da tauraron ɗan Adam? Wanda ke kusa da ƙasa yana kewaya duniya a cikin kimanin minti 90, kuma abokin gaba yana iya lissafa lokacin wucewarsa ya ɓoye kayansa, kamar yadda ɗalibi ke sanin lokacin da darakta ke zagayen azuzuwa. Jiragen leƙen asiri na gargajiya kuwa ana harbo su. Tarayyar Sobiyet ta kakkaɓo U-2 ranar 1 ga Mayu 1960, ta kama matuƙinsa Gary Powers da rai, duk da jirgin yana tashi kusan kilomita 20 a sama. Iran ta harbo babban jirgi maras matuƙi na Global Hawk a watan Yuni na 2019, mayaƙan Huthi na Yaman ma sun harbo jiragen Reaper da dama. Saboda haka masu tsara yaƙi suka ga cewa jirgin da zai iya kutsawa cikin ƙasar da ke da tsaro mai ƙarfi ya daɗe a ciki, shi ya fi dacewa ya zama ido da kunne. Ya nemo abin harin da kansa, ya saurari na'urorin abokin gaba, ya aika abin da ya gani ga sauran jirage da jiragen ruwa, idan an ba shi izini kuma ya buga nan take.

A nan akwai wata matsala da na ga tana burge yara idan na kawo ta. Mutumin da ya kunna tocila cikin dare yana gani, amma kowa ma ya san inda yake. Jirgin da aka kashe dukiya don ɓoye shi, da ya kunna radarsa ko ya yi magana da gida, ya tona kansa. Don haka rabin wahalar ƙera shi tana wajen koya masa gani ba tare da haskawa sosai ba, da yawan saurare maimakon yawan magana, da aika saƙo ta siririyar hanya da ba kowa zai tsinta ba. Maharbin daji ya san wannan tun kafin a ƙera jirgi.

Haɗuwar ido da bam ba baƙon abu ba ne a tarihi, kuma maƙwabciyarmu Libiya ce ta fara ɗanɗana shi. A yaƙin Italiya da Daular Usmaniyya, ranar 23 ga Oktoba 1911 wani hafsan Italiya mai suna Carlo Piazza ya tashi da jirgi ya leƙo sansanin abokan gaba kusa da Tarabulus, wanda shi ne karon farko da aka yi leƙen asiri da jirgin sama a yaƙi. Kwana tara bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba, wani hafsan mai suna Giulio Gavotti ya jefo ƙananan bama-bamai da hannunsa daga jirgi a yankin. Tsakanin leƙe na farko da bam na farko kwana tara ne. Abin da ake nema da B-21 shi ne a mayar da wannan tazara mintoci.

Gaskiya ita ce ba don mu ake ƙera wannan jirgi ba. Hankalin masu shi yana kan Sin da faɗin tekun Fasifik, sannan Rasha, su ma kuma kowace tana aikin nata, Sin da H-20, Rasha da PAK DA. Amma wanda ya ce abin bai shafe mu ba ya manta da tarihin kusa. A watan Maris na 2011 jiragen B-2 guda uku suka taso daga Misuri suka bugi wani filin jiragen soja kusa da Sirte, a farkon yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin Gaddafi. Ba sai na tuna wa mutumin Tawa ko na Tilaberi abin da ya biyo bayan watsewar rumbunan makaman Libiya ba. A watan Janairu na 2017 wasu guda biyu suka sake tasowa daga can, suka bugi sansanonin ƴan ƙungiyar IS a kudu maso yammacin Sirte, suka koma gida ba tare da sun sauka ko'ina ba, tafiyar sama da awa 30. Jirgin da aka ƙera don Tarayyar Sobiyet, ga shi ya ƙare yana aiki a hamadar da muke iyaka da ita.

Mu a Nijar mun ga ɗaya fuskar abin. Sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, wanda Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina shi, ya fara aiki a 2019. A watan Maris na 2024 hukumomin ƙasarmu suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, zuwa Satumba na shekarar sojojinta sun gama ficewa. Yaran ajina sun ɗauka cewa daga ranar samaniyarmu ta zama tamu mu kaɗai. Na ce musu rufe sansani abu ne da ƙasa ke da iko a kansa, amma jiragen da ake tsarawa yanzu an yi su ne daidai don kada su bukaci sansani a ƙasar kowa. Ƙasar da ke son sanin abin da ke wucewa a samanta sai ta mallaki na'urori, ta kuma mallaki ƴaƴan da suka iya sarrafa su da gyara su. Wannan kuwa a aji ake fara shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar gani tamkar sani ne. Wata rana na buɗe wa ɗalibaina hoton ƙauyenmu na tauraron ɗan Adam a wayata, a darasin labarin ƙasa. Da farko ba wanda ya gane komai, ɗigo-ɗigo ne kawai da layuka. Da suka gano masallacin Juma'a, sai kowa ya fara bin hanya da yatsa har ƙofar gidansu. Wata yarinya ta ce, "Mushe, wannan ba ɗaki ba ne, rumbun kakana ne." Na tambaye ta yadda ta bambance, tunda daga sama duk da'ira ce iri ɗaya. Ta ce ai ta san wurin. Na'urar ta ga rumbun sarai, amma yarinyar ce ta san ko mene ne. Wanda ke zaune nesa yana kallon allo, idan ya ga mutane talatin a gindin itace, me zai gaya masa ko ɗaurin aure ne, ko zaman makoki, ko taron ƴan bindiga? Idan ya ga babura goma a jere, ranar kasuwa ce ko hari za a kai?

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A watan Mayu na 1999 jirgin B-2 ya jefa bama-bamai daidai inda aka umarce shi a birnin Belgrade, sai ga shi ofishin jakadancin Sin ne, mutum uku suka mutu, Amurka ta ce kuskuren bayanai ne da tsohuwar taswira. Ranar 29 ga Agusta 2021 jirgi maras matuƙi ya bi wata mota na tsawon sa'o'i a Kabul kafin ya buge ta, mutum goma suka mutu, bakwai daga ciki yara, daga baya sojin Amurka suka amsa cewa ba ƴan ta'adda ba ne. A nan gida kuma, a watan Fabrairu na 2022, gwamnan jihar Maraɗi ya sanar da cewa wani jirgin sojin Najeriya da ke farautar ƴan bindiga ya kashe yara bakwai a ƙauyen Nacaɗe na gundumar Madarunfa. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, a watan Disamba na 2023, masu Mauludi ne jirgi maras matuƙi ya faɗa wa, aka rasa rayuka sama da 80. Jiragen sun bambanta, masu su ma sun bambanta, amma a duk wuraren waɗanda aka buga ba su ake nema ba.

To idan an haɗa mai gani da mai bugu a jirgi ɗaya, an rage lokacin da wani zai ce a dakata a sake dubawa. Masu goyon bayan tsarin suna da hujja mai ƙarfi, cewa wanda ke kallon abin a daidai lokacin ya fi wanda ke aiki da hoton jiya, kuma bam ɗaya da aka auna ya fi ruwan bama-baman da suka ƙone birane a yaƙin duniya na biyu. Ban musanta ba. Amma an kuma bayyana cewa an tsara B-21 ta yadda nan gaba zai iya tashi ko da ba matuƙi a ciki, kuma yawan bayanan da zai tara ya fi ƙarfin idon mutum biyu, dole kwamfuta ce za ta tace ta ce ga abin da ya kamata a duba. Duk malamin da ya taɓa hukunta yaro a kan abin da ya hango daga bakin ƙofa, daga baya ya ji yadda abin ya faro, ya san hatsarin yanke hukunci da gaggawa. A aji ana iya kiran yaron a gyara. Bam ba ya barin wannan dama.

Sai zancen kuɗi, wanda na mayar da shi aikin lissafi a allo. An ƙiyasta kuɗin B-21 guda ɗaya a kan dala miliyan 692 da darajar kuɗin 2022. Idan muka ɗauki dala ɗaya a sefa 600, ya haura miliyar 400 na sefa. Yaran suka yi ta ƙirga sifiri suna dariya, har sai da na ce su raba da kuɗin gina aji ɗaya na siminti, sai ajin ya yi tsit, domin mu a runfar zana muke. Amurkawa ma sun san ciwon wannan lissafi. Sun yi niyyar sayen B-2 guda 132, tsada da ƙarewar yaƙin cacar baka suka sa suka tsaya a 21, kowane ya tashi a kan kimanin dala miliyar biyu idan an haɗa da kuɗin bincike. Tun a 1953 shugabansu Eisenhower, wanda shi kansa janar ne, ya auna kuɗin babban jirgin bam ɗaya da makarantun bulo na garuruwa sama da 30. Ba na kawo wannan don in ce ƙasa ta zauna ba tsaro. Mu da muka ga an rufe makarantu saboda ƴan bindiga mun san darajar tsaro. Na kawo shi ne don yaro ya san cewa kowane makami yana da abin da aka bari don a same shi.

Ga abin da nake roƙon ƴan uwana malamai da iyaye. Idan yaro ya zo da zancen waɗannan jirage, kada mu kore shi, kada kuma mu bar shi da mamaki kawai. Mu nuna masa cewa ilimi ne ba tsafi ba. Lissafin da aka gina ɓoyon jirage a kansa, wani masanin kimiyya ɗan Tarayyar Sobiyet mai suna Pyotr Ufimtsev ne ya wallafa shi a 1962, hukumomin ƙasarsa ba su ga amfaninsa na soja ba, injiniyoyin Amurka suka karanta fassararsa suka yi aiki da shi. Kusurwa da ma'aunin digiri da muke koyarwa a aji shida su ne matakin farko na wannan tsani. Mu kuma gaya masa cewa babu makamin da ba shi da magani, tunda Sabiyawa sun harbo jirgin F-117 mai ɓoyon kansa a watan Maris na 1999 da tsohon makami na zamanin Sobiyet.

Sannan mu koya masa tambayar da bidiyo ba ya yi: wane ne a ƙasa lokacin da bam ɗin ya sauka, kuma wa ya tabbatar da ko su wane ne? Wasu daga cikin yaran da ke gabanmu yau za su shiga soja, kuma sojinmu sun riga sun mallaki jirage marasa matuƙa na ƙirar Turkiyya. Ba mamaki ɗayansu ne zai zauna gaban allo wata rana yana kallon taron mutane a gindin gawo, a ce masa ya faɗi ko su wane ne. Ina so a ranar ya kasance ya iya lissafinsa, ya san ƙasarsa da al'adun mutanenta, ya kuma samu tarbiyyar da za ta sa ya iya cewa a dakata a bincika. Na farkon aikinmu ne mu malamai. Sauran biyun kuwa sai mun haɗa hannu da ku iyaye.

Allah Ya kare mana ƴaƴanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.